Mahanga da Hanyar Bincike: Tsokaci Kan Babin Farko na Kundayen Fiƙihu

Da wuya a buɗe kundin digiri na biyu a fannin fiƙihu ba a tarar da jimla guda a ƙarƙashin taken manhaji ba: ɗalibi ya bi hanyar siffantawa da ta tahlili, ya kuma ziyarci ɗakunan karatu. Wannan lissafin kayan aiki ne. Mahangar da mai bincike ya tsaya a kanta, wato abin da ya ɗauka tabbatacce kafin ya fara da irin tambayar da yake yi wa nassi, ba ta fito ba. Wani ɓangare na laifin yana wuyan kalmar manhaji kanta, domin ana ɗora mata ma'anonin biyu.

Saɓanin Josef Shakt da Muhammad Mustafa al-A'azami ya isa misali. Dukansu sun bi diddigin isnadi, sun gwama ruwayoyi. Amma Shakt, a littafinsa na 1950 kan asalin fiƙihu, ya faro ne daga zaton cewa hadisan hukunci ƙirƙirar baya ne har sai an tabbatar da akasin haka. Don haka idan faƙihi bai kafa hujja da wani hadisi a inda ya dace ba, sai ya yanke cewa hadisin bai wanzu ba a zamanin. A raddinsa na 1985, al-A'azami ya nuna cewa malamai sukan bar ambaton hadisin da suka sani. Kayan aikin sun yi kama, mafarin ne ya raba sakamakon.

Haka lamarin yake ga mai nazarin rabon gado a kotunan shari'a na Arewacin Nijeriya. Idan tambayarsa ita ce mene ne mashhurin mazhaba, hujjarsa tana cikin Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam da sharhohinsu. Idan kuwa yana neman sanin yadda alƙalai suke hukunci a aikace, sai ya koma ga kundayen kotu da hira da ma'abota shari'ar. Wanda bai zaɓi ɗaya ba yakan raba takardun tambayoyi ga jama'a, sannan ya rinjayar da wani ƙauli da yawan masu amsawa, alhali ra'ayin mutum ɗari biyu ba ya cikin dalilan tarjihi a wurin malaman usulu. Ya kamata masu duba kundaye su tsayar da ɗalibi a kan wannan tun a zaman kare tsarin bincike, kafin a ba shi izinin fita tattara bayanai.