Jinjina Ga Masu Bishara Na Ƙauye

Sunayen manyan fastocin birni ake ji a rediyo, amma ni mai bishara na ƙauye nake yi wa jinjina. Ƙungiyar EMS ta ikilisiyar ECWA takan tura shi wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Kano ko Katsina, ya yi shekaru yana sujada da mutane ƙalilan a ƙarƙashin rumfar kara. Baikon Lahadi wani lokaci bai isa sayen tiyar masara ba, don haka da damina shi ma yana gona, matarsa kuwa tana koya wa mata karatu da yamma. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, asibiti na nesa. Wanda aka yi wa baftisma bara ya daina zuwa, ba sallama. A nan gwiwa ke yin sanyi, kuma duk wanda ya ce masu bi ba sa karaya, bai taɓa zama da waɗannan bayin Allah ba. Suna karaya. Sai dai da asuba sukan durƙusa su kai kukansu ga Ubangiji, su kuma buga ƙararrawa.

Da ma haka aikin ya soma. A 1893 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas. A 1894 biyu na farko suka rasu, daga baya Bingham ya koma gida. Ya dawo a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 mishan ɗinsa ta kafa tasha a Pategi, bakin kogin Kwara.