Masu Gano Asalin Tsuntsu Daga Gashinsa

Fezan tsuntsun dajin Asiya ne, dangin kaza da fakara. Wuyar kamu gare shi, da ya ji motsi ya shige ƙungurmin ciyawa. To ta yaya za a san wanda ke barin inda aka ƙyanƙyashe shi, zakaran ko macen? Masanan ƙwayoyin gado sun samo hanya, kuma hanya ce da ta cancanci yabo, domin ko taɓa tsuntsun ba sa yi.

Da sassafe mai binciken zai bi sawu yana tsintar gashin da ya zube. Kowanne ambulan ɗinsa daban, a rubuta daidai wurin da aka same shi. Abin nema yana gindin gashin, inda ɗan busasshen jini ya maƙale, bai kai ƙwayar gero ba. Daga nan ake tatso DNA.

Tsuntsaye sun saɓa da mu: mace ce ke da kuromosom iri biyu, Z da W, namiji kuwa Z biyu. Idan aka gwada ƙwayar gadon CHD, layi biyu suka fito, gashin mace ne. Layi ɗaya, na namiji.

Gwanintar tana mataki na gaba. Sai a auna kusancin jini tsakanin kowane tsuntsu da maƙwabtansa, a haɗa da nisan da ke tsakaninsu. In zakarun tudu ɗaya suka fito 'yan uwan juna, matan kuma bare, an gane wanda ya zauna da wanda ya zo, kamar gidan gandu inda maza ke zaune, amare na shigowa daga wasu garuruwa. Aikin na son haƙuri ƙwarai, don gashi biyu na iya zama na tsuntsu ɗaya, kuma mai gaggawa zai ƙirga shi sau biyu.

Tun 1980 wani masani, Paul Greenwood, ya nuna cewa a yawancin tsuntsaye mata ne ke ƙaura, a dabbobi masu shayarwa kuwa maza. Amma kowane nau'in tsuntsu sai an gwada shi, shi ya sa ake wannan wahala.

A Sin, sare daji ya raba nau'in fezan da ake kira Reeves gungu-gungu. In mai ƙaura ya rasa hanyar wucewa, dangi za su riƙa barbarar juna, iri ya raunana. Sanin nisan da tsuntsun ke tafiya shi ke nuna wa masu kare daji zirin da bai kamata a sare ba.