Gobe ta laka: daga Venise zuwa Birnin Damagaram

Kalmar « utopie », wadda ta fito daga littafin Thomas More na 1516, tushenta girkanci ne, ma'anarta « ba wuri ». Da wannan ma'auni muka duba baje kolin gine-gine na Venise na 2023, wanda Lesley Lokko ta shirya a matsayin ɗakin gwajin gobe. A can Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar, ta zana tsarin gine-ginenta a jikin bango. Goben da ta nuna tana da wuri, domin tun 2018 cibiyar Hikma ta Dandaji take tsaye da tubalin ƙasa.

Sai dai maginan Damagaram sun daɗe da wannan aiki. Fadar sarki da gidajen unguwar Birni masu zanen dagi duk laka ce, kuma Nijar ta gabatar da su ga UNESCO a 2006. Duk da haka, a Zinder mai hali siminti da kwano yake so, ko da ɗakin zai yi zafi, tsofaffin soraye kuwa damina tana cinye su. A ganinmu, aibin baje kolin shi ne nisansa: maginin Birni, wanda aka fi buƙatar ra'ayinsa, bai gan shi ba.