Gyara a Kan Maganar "A Bar Gidan Baba Don Zumunci"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, akwai wata magana da ake yawan faɗa ranar sadakar bakwai ko ta arba'in, har wasu malamai suna sa mata albarka: wai kada a raba gidan marigayi, a bar shi haka don zumunci. Maganar tana da daɗin ji, amma ina da ja a kanta.

Idan mutum ya rasu, aka yi masa sutura, aka biya bashinsa, aka fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, to abin da ya rage ya zama mulkin magada, kowa da rabon da Allah ya yanka masa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Idan dukansu suka yarda a jinkirta rabo, babu laifi. Sai dai wa aka tambaya? Matar da ke cikin takaba? Ɗiyar da ke aure a Damagaram alhali gidan yana Maraɗi? Ko marayan da bai balaga ba, wanda ko ya ce "na yarda" shari'a ba ta ƙirga yardarsa? Galibi shirun kunya ne ake kira yarda.

Mu yi lissafi. Mutum ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2, mata 3, da gida na sefa miliyan 16. Matar tana da sumuni, miliyan 2. Kowace ɗiya miliyan 2, kowane namiji miliyan 4. Kun ga babban wa, wanda takardar gida take hannunsa kuma yake karɓar kuɗin hayar shaguna, rubu'i kawai gare shi. Ranar da ya sayar da gidan duka, ya sayar da kashi 3 cikin 4 na abin da ba nasa ba, kuma a mazhabar Imamu Malik wannan ciniki a rataye yake har sai masu haƙƙi sun amince. Ko rabonsa kaɗai ya sayar wa bare, sauran suna da shuf'a, wato su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe. Wanda yake gari, ya sani kuma ya yi shiru shekara guda, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda yake tafiya yana nan a kan haƙƙinsa. Maƙwabci kuwa ba shi da shuf'a a wurinmu.

Jinkiri yana da wata illar. Kafin a raba sai wani magaji ya rasu, rabonsa ya koma ga nasa magadan, abin da malaman fara'ili suke kira munasaka. Gidan mutum 6 ya zama na mutum 30, wasunsu ba su ma san juna ba.

Za a ce ai gidan ƙarami ne, ba ya rabuwa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta warware wannan: abin da yake rabuwa ba tare da cuta ba a raba shi, wanda ba ya rabuwa kuwa, idan magaji ɗaya ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi. Mai son gidan ya zauna a hannun dangi, sai a kira masana su yi masa ƙima, ya biya sauran rabonsu.

A nan makarantunmu ma suna da gyara. Ɗalibi ya haddace nisfi da rubu'i da sumuni, amma babin shuf'a a Risala da babin ƙisma a Muhtasar na Halilu sai a bi ta kansu da gudu, alhali su ne rigimar da take kai mutane gaban sarki da alƙali. Malamin da aka kira rabon gado, don Allah kada ya tsaya a lissafi: ya ji ta bakin kowace mace ita kaɗai, ba a gaban yayanta ba, a rubuta abin da aka yi, shaidu biyu adilai su sa hannu, kowane magaji ya riƙe tasa takardar.

Wallahu a'alamu.