Manhajar Rufus da filashin da ke ƙarya

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, yaranmu masu gyaran kwamfuta a nan Jere ba su huta ba. Duk mai tsohuwar laftof 'yar gwanjo, ko daga Kaduna ya sayo ta ko daga Abuja, so yake a zuba masa Windows 11. Abin aikinsu kuwa filashi ne da wata manhaja, Rufus, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Ita ke mai da filashi ya zama abin tayar da kwamfuta.

Mu fara da yabo, don ta cancanta. Kyauta ce, ba ta kai megabait biyu ba, saboda haka ba ta cin data. Tana kuma barin mutum ya tsallake sharaɗin TPM 2.0 da ke hana tsofaffin na'urori karɓar Windows 11. Talaka ya amfana.

To amma duba fuskarta. GPT ko MBR? FAT32 ko NTFS? Yaron da a bakin aiki ya koyi sana'ar, da ka kawai yake zaɓe. In ya ɗauki GPT alhali kwamfutar tsohon BIOS gare ta, ba za ta tashi ba, sai ya ce wa mai kaya injin ya mutu. Kafin ta shafe duk abin da ke kan filashi tana yin gargaɗi, gaskiya ne, sai dai ba da Hausa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan. Mu 'yan kasuwa mun san mudu mai tudun gindi. Haka wasu filashi suke: a jiki an rubuta giga 64, cikin bai wuce 8 ba, kuma kwamfuta sai ta yarda da abin da ya faɗa mata. Irinsa muka saya wa Islamiyyar unguwa, ba da sani ba. An shafe laftof ɗin makaranta, aiki ya yi nisa ya tsaya cak, ga jarabawa saura kwana uku. Laifin mai sayarwa ne, da namu da muka bi araha. Daga baya muka gane Rufus na da awon da ke tona irin wannan filashi, amma an ajiye shi can ƙarƙashin ƙarin zaɓi, sai ka buɗe ka sa alama da kanka. Wa zai nemi abin da bai san da shi ba?

Manhajar balenaEtcher mataki uku ce kacal, kuma da ta gama rubutu sai ta koma ta duba aikinta ba tare da an ce ta yi ba. Matsalarta, ta haura megabait 100, kuma ba ta dace da haɗa filashin Windows ba. Ventoy da ta fito a 2020 sau ɗaya ake girka ta, daga nan sai kwafar fayil kawai.

Da za a ji tamu, Rufus ta mai da GPT da danginsa can ciki, ta fito da awon filashi gaba. Kafin nan, yaranmu, ku riƙa sa alamar awon nan ko da zai ci muku lokaci, kuma kada ku shafe laftof ɗin kowa sai kun kwashe masa takardunsa.