Ƙuduri na 138 da Shari'ar Alaramman Zamfara: Me Kotun Ɗaukaka Ƙara Take Dubawa?

A shekarar 1407 bayan Hijira (1987) Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da Ƙuduri na 138 game da miyagun ƙwayoyi. Ƙudurin ya yanke wa mai fasa-ƙwaurin ƙwaya zuwa cikin ƙasa hukuncin kisa, saboda girman ɓarnar da yake jawo wa al'umma. Mai tallata ta a cikin gari kuwa, a karon farko za a yi masa ta'aziri mai tsanani da ɗauri ko bulala ko tara, idan ya maimaita a hukunta shi da abin da zai yanke sharrinsa, ko da kisa ne. Waɗannan sakin layi biyu su ne suka shahara a bakin masu wa'azi a ƙasar Hausa, musamman duk lokacin da aka tayar da maganar tiramol da kodin. Akwai kuma sakin layi na uku, wanda ba a cika karanta shi a kan mumbari ba. Shi ne ya shardanta cewa kada a zartar da ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan sai an kammala matakan tabbatar da laifi a kotunan shari'a, da kotunan bitar hukunci, da Majalisar Ƙoli ta Alƙalanci, domin sauke nauyi da kiyaye rayuka.

Wannan sharaɗi ya cancanci yabo, ko ba komai don ya rushe wani zato da ya daɗe a tsakanin jama'a, wato cewa ɗaukaka ƙara jayayya ce da hukuncin Allah. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ga yadda zaton yake aiki. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoba 1999, hukuncin yanke hannu na farko ya faɗa kan Buba Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Maris 2000 saboda satar saniya. Bai ɗaukaka ƙara ba, aka kuma yi ta yaba masa a kan haka tamkar wani rukuni na tuba ya cika. Ba a nan ake tuhumar niyyarsa ba. Abin lura shi ne haddin sata na farko a jihar ya wuce ba tare da ido na biyu ya duba nisabi da ma'ajiya da ingancin iƙirari ba. Shekara biyu bayan haka, a Maris 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke hukuncin rajamu a kan Safiya Husaini, daga cikin hujjojinta akwai na fiƙihun Malikiyya kansa.

Malamai ba su taɓa rufe ƙofar warware hukunci ba. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali da ya koma ga gaskiya idan ta bayyana masa bayan ya yi hukunci. Imam al-Ƙarafi (ya rasu 684) ya ƙididdige wurare huɗu da ake warware hukuncin alƙali: idan ya saɓa wa ijma'i, ko nassi bayyananne, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Sai dai duk huɗun kuskure ne a fahimtar hukunci. Akwai kuskure iri na biyu, wanda alƙali yake daidai a fiƙihu amma labarin da aka gina hukuncin a kansa ƙarya ne. A nan ne raunin Ƙuduri na 138 yake. Ya lissafa kotunan da shari'a za ta ratsa, bai faɗi abin da za su tabbatar ba, bai kuma ambaci sani da nufi a matsayin sharaɗin kiran mutum mai fasa-ƙwauri ba.

Shari'ar wani alaramma ɗan Zamfara ta fito da wannan giɓi fili. Ya tafi Umara a 2017, aka kama shi a Saudiyya bisa wata jaka mai ɗauke da ƙwaya wadda aka liƙa wa takardar kaya da sunansa. Ya shafe kusan shekara uku a tsare yana fuskantar tuhumar da hukuncinta kisa ne, shari'ar tana tafiya daga wannan kotu zuwa waccan. Abin da ya sauya lamarin daga Najeriya ya zo. Gwamnatin Bello Matawalle, ɗan Maradun, wanda ya hau mulki a Mayu 2019, ta tura wakilai aka ɗauki lauya, aka gabatar da bayanin hukumar NDLEA cewa ta kama waɗanda ake zargi da liƙa sunansa a jakar, tare da takardar tuhumarsu a Babbar Kotun Tarayya ta Kano. A Fabrairu 2020 kotu ta wanke shi. Kafin nan, wata ɗaliba daga Kano da aka kama a Disamba 2018 ta kuɓuta a ƙarshen Afrilu 2019 ta irin wannan hanya, bayan an bankaɗo gungun ma'aikata a filin jirgin saman Malam Aminu Kano masu sanya sunayen matafiya a jakunkunan da ba nasu ba.

Za a iya cewa tsarin ya yi aikinsa, tunda ba a kashe marar laifi ba. Akwai gaskiya a ciki: jinkirin da matakan kotu suka haifar shi ya ba hujja lokacin isowa, kuma da hukuncin kotu ɗaya ake zartarwa da ba ta tarar da shi a raye ba. Amma hujjar ba daga cikin fayil ta fito ba. Kotu uku da suka karanta takarda ɗaya, mai cewa an sami jaka da sunan wane, kallo ɗaya suka yi sau uku. Wanda bai sami gwamna ko 'yan jarida a bayansa ba, bitar hukuncinsa za ta tsaya ne a kan ko an bi ƙa'ida wajen rubuta abin da aka rubuta.

Abin mamaki ne a ce musulmi ya ɗauki samun abu a cikin kaya hujja yankakkiya, alhali yana karanta Suratu Yusuf. A ayoyi na 70 zuwa 79, an sanya ma'aunin sarki a cikin kayan ɗan'uwan Annabi Yusuf, aka fito da shi a gaban shaidu, har 'yan'uwansa suka gaskata, alhali bai ɗauki komai ba. Masu tafsiri sun lura cewa Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai kira shi ɓarawo ba, ya dai siffanta shi da wanda aka sami kayan a wurinsa. Tsakanin waɗannan lafuzza biyu akwai tazarar da ta kai ran mutum.

Ba ana nufin a jefar da ƙarina ba. Ibnul Ƙayyim a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya da Ibn Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam sun kafa hujja mai ƙarfi a kan aiki da ita, kuma mazhabar Malik ta fi sauran faɗaɗawa, har ta tsayar da haddi da warin giya a bakin mutum, abin da Abu Hanifa da Shafi'i ba su yarda da shi ba. To amma wari a jikin mai shi yake. Jakar jirgi kuwa tana barin hannun matafiyi tun a wurin awo, ta ratsa hannun mai liƙa takarda da mai bincike da mai lodi, kuma a shari'o'in nan biyu ma ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Ƙarfin ƙarina gwargwadon ƙarancin hannayen da za su iya ƙirƙirar ta ne. Takardar da ma'aikaci ɗaya zai buga da kwamfuta cikin minti guda ba ta kai matsayin da za a zubar da jini da ita ba, sai an haɗa ta da abin da ke nuna sani: wa ya kawo jakar wurin awo, jaka nawa matafiyin ya bayar, me hoton kyamara ya nuna.

Akwai kuma wata matsala ta usuli. Kisan da ƙudurin ya tanada ta'aziri ne, haka ma dokar yaƙi da ƙwayoyi ta Saudiyya ta 1426 (2005) ta kira shi. Sanannen abu ne a littattafan ƙa'idoji, kamar Al-Ashbah na Suyuɗi, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi amma ba ta kayar da ta'aziri. An sassauta haka ne domin ta'aziri a asalinsa ladabtarwa ce da ba ta kai haddi ba. Idan aka ɗaga shi ya kai kisa, aka kuma bar shi da sassaucin hujjarsa, sakamakon zai zama bulala tamanin ta mashayi ta fi fille kai wahalar tabbatarwa. Duk ta'azirin da ya kai ga rai wajibi ne ya ɗauki tsantsenin haddi gaba ɗaya, kuma kotun sama ta ɗauki shubuha dalilin soke hukunci. Ƙudurin ya yi wa mai talla matakai, na farko da na maimaici, amma ya haɗa masu fasa-ƙwauri a layi ɗaya, alhali wanda ake kamawa a filin jirgi sau da yawa ɗan aike ne ko wanda aka yaudara, uban tafiyar yana gida.

Najeriya ta taɓa gwada hanyar da ba ta da ko sakin layi na uku. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sanya kisa a kan safarar hodar iblis, ta kuma koma baya ta hau kan laifukan da aka aikata kafin a kafa ta, ba tare da damar zuwa kotun ɗaukaka ƙara ba, aka harbe mutum uku a Legas a Afrilu 1985. A yau laifukan ƙwaya na Babbar Kotun Tarayya ne bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, ba na kotunan shari'a na jihohi ba, kuma dokar NDLEA ta ambaci sani a laifin mallaka. Wanda aka kama a Maradun za a gurfanar da shi a Gusau, yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, in yana da kuɗin lauya. Da Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara a Mayu 2024, an ji masu goyon baya suna kafa hujja da Saudiyya. Malamin da za a nemi fatawarsa a kan irin wannan ƙuduri yana da haƙƙin ya tambaya tukuna: wace kotu ce za ta karɓi sabuwar hujja bayan an yanke hukunci, kuma wa zai biya lauyan talakan da sunansa kaɗai aka samu a jikin jaka.