Maginin Rijiya da Karatun Ƙasa

Duk gugan ƙasa da aka jawo daga sabuwar rijiya, labari ne ga maginin da ke ciki. Yakan damƙi ƙasar ya matse a tafin hannu, ya duba ko ta dunƙule ko ta wargaje, ya murza ta tsakanin yatsu, wani lokaci har ya ɗanɗana. Daga nan sai ka ji ya ɗaga murya ya ce wa yaronsa, "Saura gaba biyu, in Allah ya yarda." Sau da yawa kuwa haka ɗin take kasancewa, kuma wannan ƙwarewa tana ƙayatar da ni ƙwarai.

A ƙasar Kano da Zariya, tsohon dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashi, irin wanda ya leƙo waje ya zama Kufena. Shi wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Saboda haka magini yakan bi ƙasar daki-daki. Zai wuce jar ƙasa, ya fasa marmara, wadda ke cinye bakin diga, ya ratsa yumɓu mai danƙo, sannan ya iske ruɓaɓɓen dutse, wanda ke marmashewa a hannu yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. A nan ruwan yake kwance. Kunnensa ma yana aiki, domin idan dagi ya daina nutsewa ya koma ƙara yana tsalle, ya san an kai ga lafiyayyen dutse, ci gaba da haƙa ɓata ƙarfi ne. Rashin kaurin wannan ruɓaɓɓen sashe shi ya sa rijiyoyi da yawa a yankin ke ƙafewa da bazara.

Sakkwato da Tawa kuwa wani karatun ne daban. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar teku ya taɓa rufe yankin, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma shi ya bar farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, har da ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Ƙasar can hawa-hawa take, yashi a kan yumɓu, yumɓu a kan yashi. Gwani ya san wane hawa ne ke ba da ruwan zartsi, ya wuce shi, ya kuma san cewa yashin da ke kawo ruwa mai daɗi shi ne mai ruftawa. Dole ya ɗaure bango da zoben siminti kafin ya ƙara taku ɗaya. A Damargu, inda wasu rijiyoyi ke haura mita 50, iskar ciki ma abin tsoro ce, don haka akan zura fitila tukuna. In ta mutu, ba mai sauka.

Yanzu masu haƙa rijiyar burtsatse na zuwa da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa don gano inda ruwa yake. Amma masu hankali cikinsu sukan fara zagaya tsofaffin rijiyoyin gari, su auna zurfinsu, su nemi wanda ya gina su, su tambaye shi, "Baba, a gaba nawa kuka fasa marmara?"